Zinariya da Bitcoin a Ranar da Kasuwa Ta Faɗi

Masu iya magana kan ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Haka abin yake ga dukiyar da mai hannun jari kan ajiye gefe don tsoron ɓacin rana: ba a sanin amfaninta sai kasuwa ta faɗi.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, kafin tsakiyar 1932 hannayen jarin manyan kamfanoni sun zubar da kusan kashi 89 cikin ɗari na darajarsu. Jama'a suka yi ta kwasar zinariya daga bankuna suna ɓoyewa. To, a nan gizo ke saƙar. A watan Afrilu na 1933 Shugaba Roosevelt ya ba da umarni kowa ya miƙa zinariyarsa ga hukuma, ban da kayan ado da 'yar kaɗan, a biya shi dala 20.67 kowace oza. Shekara na zagayowa gwamnati ta mai da farashin dala 35. Wato zinariyar ta tsira, amma ribar ba ta shiga aljihun mai ita ba. Sai a ƙarshen 1974 aka ɗage wannan hani.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka zinariya ba ta ba da kunya. Wanda ya saye ta a Janairun 1980 a kan dala 850, sai da ya ga ta sauko ƙasa da dala 300 a 1999, bai kuma sake ganin kuɗinsa ba sai 2008. Shekara 28 ke nan, yaron goye ya zama magidanci. Amma a 2008 ɗin, da kasuwar Amurka ta yi asarar fiye da sulusi, zinariya ta ƙare shekara ba ta rage komai ba.

Cikin ƙurar wannan rikici aka haifi Bitcoin a Janairun 2009, kuɗin intanet wanda aka ƙayyade ba zai wuce guda miliyan 21 ba. Saboda wannan ƙaranci ne magoya bayansa suka yi masa kirari da zinariyar zamani. Sau biyu aka gwada kirarin. A Maris na 2020, da annobar korona ta firgita kasuwanni, ya zubar da kusan rabin darajarsa cikin kwana biyu, ko da yake ya farfaɗo har ya zarce. A 2022 kuwa tare suka nutse da hannayen jari: daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 ya koma wajen 16,000 bayan shekara guda, lokacin da kamfanin FTX ya durƙushe da kuɗin mutane. Zinariya kusan inda ta fara shekarar nan ta ƙare ta.

A ganina dalilin a fili yake. Masu sayen Bitcoin galibi su ne masu sayen hannun jarin kamfanonin fasaha, in tsoro ya zo kuwa tare suke sayar da duka biyun. Ita zinariya manyan masu riƙe da ita sun haɗa da bankunan ƙasashe da matan Indiya, waɗanda ba sa kai ta kasuwa don an yi mummunan mako a New York.