Glycin, sabon injin buɗe hotuna a Linux

Glycin manhaja ce da ke karanta fayilolin hoto, irin su JPEG, PNG da WebP, ta mayar da su abin da ido ke gani a allon kwamfuta. Sophie Herold ce ta rubuta ta da harshen Rust domin tsarin GNOME. An fara aiki da ita a 2023, cikin Loupe, manhajar kallon hotuna ta GNOME 45.

Fiye da shekara 20 manhajojin GNOME suna dogara da GdkPixbuf wajen buɗe hotuna. An rubuta shi da harshen C, inda ƙaramin kuskure ke iya bai wa masu kutse ƙofa ta hanyar hoton da suka sarrafa da mugun nufi. An ga irin wannan haɗari a Satumban 2023, lokacin da ɓarakar libwebp ta tilasta wa Chrome da Firefox gyaran gaggawa.

Glycin tana buɗe hoto a keɓaɓɓen wuri da bubblewrap ke killacewa, ba intanet, ba damar taɓa sauran fayiloli. Ko hoton ya zo da cuta, a nan za ta tsaya.

Daga siga ta 2.44, a Satumban 2025, GdkPixbuf na iya miƙa wa Glycin wannan aiki, kuma Fedora 43 da Arch Linux sun bi wannan hanya. Tsofaffin manhajoji na ci gaba da kiran GdkPixbuf kamar da. Sai dai inda killacewar ta kasa aiki, hotuna kan ƙi buɗewa.