Harshen uba: yadda zuriyar wasu manoman shinkafa ta kai har fadar shugaban Indiya

1/ ZARE 🧵 Mu kan ce "harshen uwa". To a gabashin Indiya akwai mutanen da alamu suka nuna ubanni ne suka zo musu da harshe, iyaye mata kuwa 'yan ƙasa ne. Ku biyo ni.

2/ Shugabar Indiya Droupadi Murmu, wadda ta hau mulki a 2022, 'yar ƙabilar Santal ce. Harshensu Santali, mai masu magana sama da miliyan 7, ba dangin Hindi ba ne, ba na Tamil ba. 'Yan uwansa na can Biyetnam da Kambodiya. Sunan dangin Ostiro-Eshiyatik, reshen da ke Indiya kuma shi ne Munda.

3/ Ya aka yi haka? Sai mu leƙa jini.

4/ Kowane namiji na da kromozom ɗin Y, daga babansa ya gada, shi ma daga nasa baban, kusan ba canji. Jefi-jefi a samu ɗan sauyi, sai ya zama tambarin zuriya. DNA ɗin mitokondiriya kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Kenan kowane ɓangare na da nasa rijistar.

5/ Tambarin da muke magana a kai shi ne O-M95. Fiye da rabin mazan Munda na ɗauke da shi. A tsibiran Nikoba kusan duk namijin da aka gwada yana da shi. Akwai shi a Khasi, da kudancin Chaina, Lawos, Kambodiya, Biyetnam.

6/ Amma da aka duba ɓangaren uwa a Munda, sai aka ga irin na maƙwabtansu Indiyawa ne. Na kudu maso gabashin Asiya kusan babu. Maza suka zo, suka auri matan gari, yara suka tashi da yaren baba. Masanin harshe George van Driem ne ya yayata wannan ra'ayi na "harshen uba".

7/ An sha rigima fa. A 2007 wani bincike ya ce a Indiya tambarin ya samo asali, shekara kusan 65,000 baya, daga nan ya yi gabas. A 2011 Gyaneshwer Chaubey da abokan aikinsa suka nuna rassan O-M95 sun fi yawa kuma sun fi tsufa a kudu maso gabashin Asiya, na Indiya reshe ne ƙarami. Ni dai hujjar 2011 ta fi gamsar da ni: inda bishiya ta fi rassa, nan ta fi daɗewa.

8/ Yaushe? Binciken 2019 ya ƙiyasta cuɗanyar ta faru tsakanin shekara 2,000 zuwa 3,800 da suka wuce. Ƙasusuwan Man Bac a arewacin Biyetnam, masu shekara kusan 4,000, sun nuna manoma daga kudancin Chaina sun gauraya da mafarautan yankin, kuma jininsu ya yi kama da na masu waɗannan harsuna a yau. Har kalmomin shinkafa na wasu harsunan Munda sun yi daidai da na danginsu na gabas.

9/ Hanya ma akwai zance. Wasu sun ce ta ƙasa, ta kwarin Brahmaputra. Felix Rau da Paul Sidwell suka ce a'a, ta ruwa suka tsallaka Tekun Bengal, suka sauka bakin kogin Mahanadi a Odisha, jihar da aka haifi Murmu.

10/ Kar wani ya zo min da "jini shi ne yare" a ƙasan zaren nan 😅 A Java da Bali akwai O-M95 jingim, amma harsunansu na wani dangi ne daban, Ostironeshiya. Su kuma Khasi na jihar Meghalaya, masu ɗauke da tambarin nan na maza, ta wajen uwa suke lissafin dangi, kuma autar mata ce ke gadon gida.