Daga Duwatsun Kalifoniya zuwa Gulbin Rima: Asalin Na'urar Kiran Ceto

Ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar cin kasuwar Goronyo. Rahoton farko na hukumar NEMA ya ce an ceto 10, ana neman sama da 40. Tun daga ranar, duk majalisar da aka tayar da zancen, daga Wurno har Rabah, ba a rasa ɗan bokon da zai ce da akwai na'urar kiran ceto irin ta jiragen sama, da ba a yi wannan asara ba. Kafin mu aza wa na'urar nan kayan da suka fi ƙarfinta, gara mu san mafarinta.

Neman agaji ya girmi rediyo. A gulbin Rima kururuwa ake yi, Sarkin Ruwa ya tara masunta su faɗa ruwa da gorunansu. Jiragen ruwan Turawa kuwa tun farkon ƙarni na 20 suke buga SOS ta wayar iska.

Masu rubutu da dama na cewa ɓatan ɗan majalisar Amurka Hale Boggs ne ya sa aka tilasta wa ƙananan jirage ɗaukar na'urar. Jirginsa ya ɓace a Alaska cikin Oktoban 1972, aka yi kwana 39 ana nema, har yau ko ƙusa ba a gani ba. Labarin manya ya fi daɗin faɗi, amma lissafi bai yarda ba, don tun 1970 majalisar ta zartar da dokar. Ni na fi gamsuwa da labarin Carla Corbus, yarinya 'yar shekara 16. A Maris na 1967 ƙaramin jirgin da take ciki tare da mahaifiyarta da mijin uwarta ya faɗi a duwatsun arewacin Kalifoniya. Ba su mutu a faɗuwar ba. Kwana 54 ana rubuta abin da ke faruwa cikin ɗan littafi, cikin ƙanƙara da yunwa, ana jiran masu ceton da ba su zo ba. Sai a Oktoba wani mafarauci ya ci karo da jirgin da littafin. Wannan jira shi ya girgiza mutane. Ɓatan Boggs dai ya ƙara wa wuta itace ne kawai.

Na'urorin farko, masu kuka a kan mita 121.5, sun ba da kunya. Sai jirgi ya gifta ta sama kafin a ji su, ga yawan ƙarya: matuƙi ya sauka da ɗan ƙarfi, na'ura ta ɓarke da kuka. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kiran ba na gaske ba ne. A 1979, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Kanada da Faransa suka amince da tsarin Cospas-Sarsat, tauraron ɗan'adam ya zama kunne. A Satumban 1982 aka fara ceto mutum uku da shi a Kanada. Daga baya aka koma mita 406, wadda ke aika lambar mai na'urar kusan duk daƙiƙa 50, kuma daga 1 ga Fabrairu, 2009 taurarin suka daina sauraron tsohuwar mitar. Najeriya na cikin tsarin, cibiyarta na Abuja a hannun NEMA.

Mu ma mun ɗanɗana wahalar neman jirgin da ya ɓace. Daren 22 ga Oktoba, 2005, jirgin Bellview ya tashi daga Legas da mutum 117 ya ɓace. Aka fara cewa a Kishi ta jihar Oyo ya faɗi, har da batun wasu sun tsira, ashe yana ƙauyen Lisa a jihar Ogun, dab da inda ya tashi.

Yawan kiran ƙaryar da aka ambata a baya ne ya sa aka ware na'urar atisaye, wadda ke kuka a wata mita dabam, kamar 121.775, don kada masu koyo su tayar da hankalin duniya. Ita ma da nata halin. Na taɓa halartar wani atisaye a bakin fadama, aka ɓoye ta a gindin giginya, aka sallami matasa da rediyon nema mai eriya kamar ƙayar kifi. Awa guda ba ko ƙyas. Wani ya ce, "Malam, ko dai tauraron ne bai iso ba?" Malamin ya yi dariya, ya ce babu ruwan tauraro da wannan. Ya ɗauko ta ya buɗe bayanta, sai ga batir ya tsiyaye, farin gari ya cinye bakin ƙarfen. Ya kankare, ya sa sabo, ya ɗaure eriyar da ta yi sako-sako, ya ajiye rediyon taku biyu daga gare ta don ya tabbatar mitarsu ɗaya. Kukan ya dawo, mai saukowa daga sama zuwa ƙasa kamar jiniya. Duk da haka rukuni guda suka ɓuge a wani gida mai rufin kwano, domin sautin ya daki kwanon ya dawo musu ta wata fuska.

To ashe aikin na'urar nan guda ne, ta nuna wurin da abu ya faru. A Goronyo kuwa ba wurin ne ya ɓace ba, tunda gulbi ne da masunta suka sani kamar tafin hannunsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mintoci, kuma mai nutsewa ba ya jiran saƙo ya je Abuja ya dawo. Da ni ke raba kuɗin, da rigunan kariya zan fara saya, in sa mai ƙirga fasinja a kowace mashaya ranar kasuwa, in ba masuntan Sarkin Ruwa jirgi mai inji da man da zai kai su.