Yadda jaki ya bar jeji ya ɗauki mangala

In aka bi salsalar dabbobin da muke kiwo, yawancinsu baƙi ne a Afirka. Tumaki da awaki an fara sabar da su ne a yankin da ya haɗa Turkiyya da Iraƙi da Iran na yau, shekara wajen 10,000 da suka wuce. Shanu masu tozo daga kwarin Indus suka fito, doki daga filayen kudancin Rasha, raƙumi daga yankin Larabawa. Jaki kuwa ɗan gida ne. Kakansa jakin jeji ne na arewa maso gabashin Afirka, kuma har gobe akwai ragowar danginsa a busassun duwatsun Eritiriya da Habasha, masu zane-zane a ƙafa, ko da yake sun kusa ƙarewa.

Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2022, wanda ya duba jakuna fiye da 200 na ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa tushensu ɗaya ne, kuma an sabar da su kimanin shekara 7,000 da suka shige. Lokacin ya zo daidai da soma bushewar Sahara. A da can ƙasar ciyawa ce da tafkuna, makiyaya na yawo da shanunsu. Da damina ta riƙa ja da baya, sai tazarar da ke tsakanin mashaya da mashaya ta ƙaru, dole a riƙa ƙaura da ruwa da kayan ɗaki da ƙananan yara. Sa yana ɗaukar kaya, amma ba ya jure ƙishi. Jaki kuwa yakan kwana biyu bai sha ba, ya ci ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa ya wadatu. Su tumaki don nama aka fara tsare su, nono da gashi suka biyo baya. Shi jaki gadon bayansa aka fi buƙata.

Shaida mafi ban mamaki a Abidos ta ƙasar Masar aka tono ta. Jakuna goma ne aka binne cikin kaburburan tubali kusa da makwancin ɗaya daga cikin fir'aunonin farko, wajen shekara ta 3000 kafin Miladiyya. A ƙira sun yi kama da na jeji: dogaye ne, masu siraran ƙafafu. Amma da masana suka duba gaɓoɓinsu sai suka tarar guringuntsin kafaɗa da na ƙugu ya cinye, ƙashin baya ya nuna alamar danniya. Dako ne ya yi musu haka. Wato dabbar ta daɗe tana bauta kafin siffarta ta sauya, kuma darajarta ta kai a binne ta kusa da sarki. Mai zagin wani da jaki ya kamata ya san wannan.

Daga nan fatauci ya samu ƙafa. Harkhuf, wani babban bafade na daular Masar ta shida, ya sa an rubuta a bangon kabarinsa da ke Aswan cewa ya dawo daga ƙasar Yam da jakuna 300 ɗauke da turare da hauren giwa da fatun damisa. A hamadar yammacin Masar an gano tarin tuluna a jere a kan wata tsohuwar hanya da ta tashi daga dausayin Dakla, inda ake ajiye wa ayarin jakuna ruwa zango-zango, tun raƙumi bai zama abin hawa ba. Wajen shekara ta 1900 kafin Miladiyya kuma 'yan kasuwar Ashur suna kora baƙaƙen jakuna da kuza da yadudduka har Kanesh a tsakiyar Turkiyya, tafiyar kusan mako shida, su sayar da kayan, su haɗa da yawancin jakunan.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, da kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro, a kan akumari suka ɗora yawancin dukiyarsu. Taurin kan da madugu ke kuka da shi ma gadon jeji ne. Doki ɗan fili ne, in ya tsorata sai gudu. Jaki a duwatsu ya tashi, inda gudu ke karya ƙafa, shi ya sa yake cijewa wuri ɗaya sai ya gane abin da ke gabansa.

Mota da babur sun rage masa aiki, sai kuma aka ɓullo masa ta wata hanya. A Sin ana dafa fatarsa a haɗa wani maganin gargajiya mai tsada, kuma da jakunan can suka ragu sai dillalai suka juyo Afirka. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, har mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona suka kasa saya. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, sannan a watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a faɗin nahiyar.