Alƙalan da Ba a Naɗa Ba: Tarihin Ra'ayin Masu Karatu Kan Littattafan Soyayya, Bincike da Aljanu

Gabatarwa

A ɗakin goggona da ke Zandam, cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda aka kai ta gidan miji da ita. A ƙarƙashin zannuwan da ke ciki ta adana littattafan Hausa masu bangon takarda, wasu sun yi ja don tsufa, wasu gara ta ɗanɗana gefensu. Ranar da ta ba ni izinin buɗe adakar, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rubuce-rubucen biro da ke gefen shafuka. A inda wani miji ya wulaƙanta uwargidansa, wata mai karatu ta rubuta "Allah ya isa". A ƙasan wannan kuma wata, da wani hannun daban, ta amsa mata cewa ita matar ce ta cika haƙuri har ya zama wauta. Matan nan biyu wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba, amma sun yi muhawara a kan takarda ɗaya.

A jami'a an koya mana tarihin ƙagaggun labaran Hausa ta bakin alƙalan gasa da manazarta. Wannan maƙala tana so ta bi tarihin ta wata ƙofar, wato ta wajen waɗanda suka sayi littattafan, suka ara, suka ɓoye su a ƙarƙashin matashi, suka kuma yanke musu hukunci ba tare da wani ya naɗa su alƙalai ba.

Tushe: gasar 1933

Ƙagaggen labari a rubutun boko ya samo asali ne daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su rubuta labari mai tsawo, kuma ya tarar da cewa malamai da yawa na kallon ƙirƙirar labari a matsayin aikin mata da yara, ba na mutumin da ya yi karatu ba. Ke nan ra'ayin farko da aka sani game da wannan fanni raini ne, kuma rainin ya riga littattafan zuwa duniya.

Littattafai biyar ne suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Duk wanda ya karanta su da idon basira zai ga cewa nau'o'in da ake kushewa a yau suna cikinsu tun daga tushe. Ruwan Bagaja tafiya ce ta neman ruwan magani wadda ta ratsa duniyar aljanu. Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa, ya zarce zuwa faɗa da halittun ɓoye. Jiki Magayi kuwa labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa, ya shiga daji neman asirin ramuwa. Soyayya, tsafi da laifi duk sun hallara. Bambancin kawai shi ne waɗannan hukuma ce ta buga su, ta kai su makaranta, aka yi jarrabawa a kansu, har suka zama ma'aunin da ake auna na baya da shi.

Haka aka ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Hukumar NORLA a shekarun 1950, da Kamfanin NNPC daga 1966. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ya yi tafiya sararin samaniya. A 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, labarin soyayyar wata Bafulatana wanda aljana ta shigo tsakiyarsa. Jim kaɗan bayan haka Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, mai cike da bindigogi da miyagun ƙwayoyi. A duk tsawon wannan zamani, mai karatu ba shi da ta cewa a kan abin da za a buga. Ɗalibi ne, abin da aka ɗora masa shi yake ɗauka.

Lokacin da kasuwa ta karɓi alƙalanci

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, har a ƙauyuka irin namu, ya samar da dubban matasa masu iya karanta Hausar boko. Na biyu, taɓarɓarewar tattalin arziki da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya manyan kamfanonin ɗab'i, takarda ta yi tsada, sabon marubuci ya rasa mai duba rubutunsa. Ga masu karatu jingim, ga rumbu babu hatsi. Matasan birni da suka iya Turanci sun koma ga James Hadley Chase da Mills & Boon da jerin Pacesetters, wanda ɗan Kano Mohammed Sule ya yi fice a cikinsa. Sauran jama'a suna kallon finafinan Indiya suna jiran wanda zai ba su labari da harshensu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, labarin 'yar masu kuɗi da ɗan talaka, kuma shi da abokansa suka raya ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. A ɓangaren maza kuma, Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih sun yi suna wajen labaran bincike da ban al'ajabi, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuwa ya riƙe fagen sadaukai da matsafa da aljanu.

A nan ne ra'ayin mai karatu ya zama kuɗi. Marubuci yakan raba labarinsa kashi biyu ko uku, ya buga na ɗaya, ya tsaya a inda zuciya ke ɗar-ɗar. In littafi na ɗaya ya ƙare a shagunan kasuwar Sabon Gari, kuɗinsa ne zai buga na biyu. In ya yi kwantai, labarin ya mutu a nan. Marubuta suna sa adireshinsu a bango, masu karatu suna aiko da wasiƙun yabo da ƙorafi, wani lokaci a buga sunayensu a littafi na gaba. Tun 1933 ba a taɓa samun lokacin da mai karatun Hausa ya riƙe linzamin adabinsa kamar wannan ba.

Yadda aka karanta su a gidanmu

Littattafan sun iso yankinmu ta hanyar da atamfa da man shafawa suke bi: a motar Kano zuwa Birnin Kudu, daga nan su gangaro Gwaram da Zandam a jakar ɗan tireda ko a akwatin ɗalibar makarantar kwana da ta dawo hutu. Kwafi ɗaya yakan zaga unguwa har bangonsa ya fita. Wanda ba ya da kuɗin saye yakan biya haya ta kwana ɗaya ko biyu. Wadda ba ta iya karatu ba takan sa ƙanwar miji ta karanta mata da dare bayan an gama tuwo.

A gidanmu kaɗai na tarar da ra'ayi uku. Kawuna, tsohon malamin firamare, yana ganin daga Magana Jari Ce an rufe ƙofa. Abin da ke damunsa shi ne ƙa'idar rubutu: haɗe kalmomin da ya kamata a raba, barin ƙugiyar haruffa, da cusa Turanci ba dalili. Ya ce yaron da ya saba da irin wannan rubutu zai kai shi ɗakin jarrabawa. Babban yayana kuwa ba ya taɓa littafin soyayya, yana kiran sa kayan mata, amma yakan kwana a kan labarin sadaukin da ya tunkari sarkin aljanu, ko na ɗan sandan ciki da ke bin sawun mai kisa. Da na tambaye shi dalili, ya ce a irin waɗannan littattafai ne kawai yake ganin an kama azzalumi kafin shafi na ƙarshe.

Ra'ayi na uku na goggo ne. An cire ta daga makaranta a aji huɗu na firamare aka yi mata aure. Na tambaye ta, "Goggo, me kika samu a cikin waɗannan littattafai har kika adana su kamar gwal?" Ta ce, "Ɗan nan, da ba don su ba da tuni karatun ya gudu daga kaina. Kuma a ciki na fara ganin mace irina ta buɗe baki ta ce an zalunce ta, ba a ce mata ta yi shiru ba." Ta nuna mini Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka hana karatu aka aurar ga tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. Goggo ba ta gudu ba, amma duk 'ya'yanta mata sun gama sakandare, kuma ita da bakinta ta ce littafin yana cikin abin da ya ƙarfafa mata gwiwa ta tsaya a kan hakan.

Muhawarar masana da wutar 2007

Yayin da ake wannan karatu a tsakar gidaje, masana suna tafka tasu muhawarar a jaridu. Ibrahim Malumfashi ne ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha, yana mai ganin cewa rubutu ne na neman kuɗi, mai aron jigo daga finafinan Indiya, wanda ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu sun kare marubutan, suna nuna cewa sun raya al'adar karatu kuma sun taɓo auren dole, kishi, saki da ilimin mata. Shafukan adabi na New Nigerian a hannun Ibrahim Sheme sun zama dandalin wannan ja-in-ja a shekarun 1990. Kowane ɓangare yana magana da sunan mai karatu: wannan ya ce ana ɓata shi, wancan ya ce ana wayar da shi. Shi mai karatun da wuya aka ji muryarsa a shafin.

Daga baki sai magana ta koma hannun hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taron ƙona littattafan da ta ɗauka masu gurɓata tarbiyya a wata makarantar 'yan mata. A shekara mai zuwa hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista, lamarin da ya jawo takaddama da ƙungiyoyinsu. Ba za a ce damuwar iyaye da malamai ba ta da tushe ba, domin akwai littattafan da suka wuce gona da iri wajen batsa da ƙawata dukiya. Sai dai wutar ba ta bambance tsakanin tsaki da tsakuwa, kuma ba a tambayi 'yan matan da aka karɓe wa littattafai abin da suka fahimta daga cikinsu ba.

Daga adaka zuwa waya

Tarihi ya yi wa kowane ɓangare rabin gaskiya. Kasuwar littafin takarda ta ja baya ƙwarai, da farko saboda finafinan Hausa da suka janye marubuta da masu karatu, daga baya saboda wayar hannu. Amma labaran ba su mutu ba. A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Aliyu Kamal ya yi zuwa Turanci. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani. Littattafan da aka ce ba su cancanci aji ba yanzu ana rubuta kundayen digiri a kansu.

A yau ƙanwata a Zandam tana karanta labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, ta biya marubuciya kai tsaye ta asusun banki, ta kuma faɗa mata ra'ayinta a daren da babin ya fito. Marubuciya takan sauya makomar tauraruwarta idan masu karatu suka yi mata ca. Ikon mai karatu ya kai ƙololuwa, kuma da shi matsalolinsa suka zo: babu edita, ƙa'idar rubutun da kawu ke kuka a kanta ta ƙara lalacewa, kuma batsar da aka ƙona takarda dominta ta sami mafakar da ashana ba ta kai wa.

Kammalawa

Shekaru fiye da 90 bayan gasar East, darasin da wannan tarihi ya bayar shi ne cewa labaran soyayya, bincike da aljanu ba baƙi ba ne a adabin Hausa, kuma duk lokacin da aka bar mai karatu ya zaɓa, su yake zaɓa. Yana neman wanda zai faɗi damuwarsa game da aure, da adalci, da abin da ido ba ya gani. Manazarcin da ya raina wannan zaɓi ya rufe wa kansa ƙofar sanin al'ummar da yake nazari.

Akwai aiki a gabanmu mu ɗaliban adabi. Littattafan shekarun 1980 da 1990 an buga su ne a takarda mai araha, galibi babu shekarar bugu, kuma suna ruɓewa a adakoki. Matan da suka karanta su suna tsufa. Sassan Hausa na jami'o'inmu, har da na Kafin Hausa, suna iya tura ɗalibai garuruwansu su tattara kwafin da suka rage, su zauna da masu su, su naɗi abin da za su ce. Ni na fara da adakar goggo. Ta yarda in ɗauki hoton kowane shafi da ke da rubutun biro a gefensa, bisa sharaɗin in mayar mata da littattafanta ƙarƙashin zannuwa kamar yadda na same su.