Alluran rigakafi ga masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV

Binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutane miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV a ƙasar. Da yawa daga cikinsu na ganin allurar rigakafi za ta ƙara raunana su. Sai dai masana kiwon lafiya sun ce su ne ma suka fi buƙatar ta.

Me ya sa suka fi buƙata?

Ƙwayar HIV tana kashe ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, don haka cutar da wani zai warke daga gare ta cikin mako guda tana iya kwantar da mai ɗauke da ƙwayar.

Jihar Kaduna na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi. A 1996 annobar ta hallaka mutane fiye da 11,000 a arewacin Najeriya.

Har yanzu babu allurar rigakafin HIV kanta. Abin da ake da shi shi ne magungunan ARV masu danne ƙwayar.

Waɗanne allurai ne ba su da haɗari?

Alluran da babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu ba sa haddasa cutar da ake rigakafinta. Sun haɗa da na ciwon hanta nau'in B, da mashaƙo, da nimoniya, da kuma sanƙarau. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'o'i 5 na sanƙarau.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa ya ninka sau 6 ga mata masu HIV. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekaru 9 zuwa 14 allurar HPV sau ɗaya, amma hukumar ta ba da shawarar a yi wa masu HIV aƙalla sau 2, in da hali sau 3.

A ina ake taka-tsantsan?

Alluran ƙyanda da shawara da BCG ta tarin fuka suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Idan adadin CD4 na baligi ya gaza 200, akan jinkirta irin waɗannan har sai magani ya farfaɗo da garkuwarsa.

Jaririn da mahaifiyarsa ke da HIV, ba a tabbatar ya kamu ba, kuma ba ya nuna alamun ciwo, ana yi masa BCG. Idan gwaji ya nuna ya kamu, sai a dakata har ya fara shan magani ya samu ƙarfi. Ita kuwa allurar ƙyanda, akan fara yi masa ita tun yana wata 6.

Yaya lamarin yake a karkara?

A yankin Birnin Gwari, shekarun da aka shafe ana fama da hare-haren 'yan bindiga sun sa zuwa asibiti ya yi wuya ga mazauna garuruwan bakin daji. Ga shi kuma yawancin allurai sai an adana su cikin sanyi, tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyos, in ba haka ba su lalace.

Wata matsalar ita ce tsangwama. Wanda ya ɓoye matsayinsa ga ma'aikacin lafiya yana iya karɓar allurar da ta kamata a jinkirta, ko ya rasa ƙarin da ya dace da shi. Shawarar likitoci ita ce, duk ranar da mutum ya je karɓar ARV ya tafi da katin rigakafinsa da na 'ya'yansa, ya nemi a duba abin da ya rage.