Hanyoyin Magance Ciwon Fungas na Farcen Ƙafa: Bitar Hujjojin Asibiti

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta magungunan sha da na shafawa da ake amfani da su wajen magance ciwon fungas na farcen ƙafa. Bitar ta nuna cewa terbinafine ne kan gaba, amma tasirinsa ya dogara ga irin ƙwayar cutar, don haka gwaji kafin magani ya zama wajibi.

Gabatarwa

Ciwon, wanda likitoci ke kira onikomaikosis, yana sa farce ya yi kauri, ya sauya launi, ya riƙa marmashewa. Ƙwayar Trichophyton rubrum ce ta fi haddasa shi. Mutane da yawa na ɗaukarsa matsalar kwalliya kawai, alhali ga mai ciwon sukari farce mai kauri na iya yanka fata ya buɗe ƙofar gyambo.

Hanyar Bincike

An yi bitar gwaje-gwajen asibiti da aka wallafa, an kuma bambanta ma'auni biyu: gushewar ƙwayar cutar a gwajin ɗakin bincike, da cikakkiyar waraka, wato ƙwayar ta gushe kuma farce ya koma daidai.

Sakamako

Ana shan terbinafine miligiram 250 kullum na mako 12. A binciken L.I.ON da mujallar BMJ ta wallafa a 1999, ƙwayar ta gushe a wajen kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka sha shi na mako 12, yayin da itraconazole da ake sha mako ɗaya a kowane wata har sau uku ya tsaya a kashi 38. Bitar Cochrane ta 2017 ta ƙarfafa wannan fifiko. Sai dai terbinafine na iya taɓa hanta, itraconazole kuma bai dace da mai raunin zuciya ba. Rifampicin da ake ba masu tarin fuka yana rage ƙarfin dukansu biyu a jini.

Magungunan shafawa sun fi sauƙin illa, amma ratsa farce na yi musu wuya. Bayan mako 48 ana shafawa, ciclopirox ya kawo cikakkiyar waraka ga ƙasa da kashi 9 cikin 100, efinaconazole kuwa, wanda Amurka ta amince da shi a 2014, ga kashi 15 zuwa 18. Sun fi dacewa da ciwon da bai kai tushen farce ba. Hujjojin da ke goyon bayan magani da hasken leza kuwa har yanzu ba su da ƙarfi.

Tattaunawa

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a Turai da Amurka aka yi su. A ƙasashe masu zafi, har da Yammacin Afirka, ana samun Neoscytalidium dimidiatum, wadda sau da yawa ba ta jin waɗannan magunguna. Ƙari a kan haka, kusan rabin cututtukan farce ba fungas ne ke kawo su ba. Bugewa da cutar fata ta sorayasis na iya kama da ciwon fungas. Wanda ya sayi magani a kemis ba tare da gwaji ba, yana iya shafe watanni yana wahalar da hantarsa a banza. Kankarar farce a duba ta a madubin likita, ko a shuka ta a ɗakin bincike don gane ƙwayar, ya fi wannan araha.

Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar a tabbatar da cutar da gwaji, a duba lafiyar hanta da sauran magungunan da majiyyaci ke sha, sannan a zaɓi magani. A sanar da shi cewa farcen ƙafa kan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta, don kada ya yanke ƙauna. Domin hana ciwon dawowa, a magance ruɓewar tsakanin yatsu, a riƙa busar da ƙafa bayan wanka ko alwala, kuma kowa ya tafi wurin mai yankan farce da kayansa.